Littafin Ranaku da Muka Buga wa Malam Habu

Jiya wani saurayi ya shigo shagona da ke bayan Adjamé Mairie, a nan Abidjan, waya a hannu, ya ce in buga masa katin sana'a. Wai ya riga ya tsara komai, bugawa kawai ta rage. Na duba. Rubutu ya kai har bakin takarda, inda wuƙa za ta bi ta kwashe rabin sunansa. Ga ja a kan kore, wanda a fuskar waya yake sheƙi, a takarda kuwa zai fito kamar ruɓaɓɓen tumatir. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "Tonton, ai wannan ba aiki ba ne, danna maɓalli ne kawai." Haka yawancinku kuke gani. To ku zauna in ba ku labarin sana'ar, da labarin wani ɗan littafi da na tsara, aikin da ya fi kowane kyau a cikin abin da hannuna ya taɓa yi, wanda kuma ba zan iya nuna muku ko shafi ɗaya daga cikinsa ba.

Sunana Isiyaku, amma Danlami kowa ke kirana, don ranar Alhamis aka haife ni, a Treichville. Mahaifina ɗan goro ne, daga wajen Kano ya zo. Ya sa ni makarantar allo, ya kuma bar ni na yi 'yan shekaru a makarantar Faransanci. Da ya ga ba ni da kan ciniki sai ya kama hannuna ya kai ni madaba'ar wani mutumin Benin da ake kira Tsoho Amusu, kusa da hanyar tashar jiragen ruwa.

Aikin farko da Amusu ya ba ni shi ne tsintar haruffa. A lokacin da haruffan dalma ake aiki, kowane harafi ɗan ƙarfe ne kamar ƙwayar shinkafa mai tsawo, kowane da ɗakinsa a cikin wani faffaɗan akwati. Amusu ya ɗauki akwati guda ya kifar a ƙasa, ya ce in mayar da kowa gidansa. Haruffan a juye suke, abin da ka gani kamar b, d ne, abin da ka ɗauka p, q ne. In ka sa ɗaya a ɗakin da ba nasa ba, ba za a gane ba sai ranar da ya fito a tsakiyar sunan mamaci, dangi su zo su cika maka shago. Bayan wannan sai wanke rulo, wato naɗin robar da ke shafa tawada, da kananzir, har fatar hannu ta tsattsage. Na daɗe ina wannan kafin a bar ni in jera layi ɗaya da kaina. Masiko kuwa, babbar wuƙar yanka takarda, ba a bar ni na matso kusa da ita ba sai da gemu ya fara fito mini. Amusu ba ya dogon gargaɗi a kanta. Hannunsa na hagu kawai yake ɗaga maka, ka ga inda yatsu suka tsaya.

Tare muka shiga koyo da Koffi, wani ɗan ƙabilar Baule daga wajen Toumodi. Da aka kawo injin ofset, aka daina dalma, Amusu ya raba mu. Ni ya sa ni a teburin tsari, tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashi, inda ake jera shafuka a kan takarda mai shara-shara da muke kira kalk, kafin a gasa su a jikin plak, wato farantin alminiyon da ake ɗaura wa inji. Koffi ya tafi kan inji. Abin da na jera shi yake bugawa, saboda haka in na karkace ya karkace, in ya yi sakaci wahalata ta tashi a banza. A kwano ɗaya muke cin abinci. In azumi ya zo, bayan shago yake zagayawa ya ci nasa don kada in gani.

Masu kawo aiki kuwa babu irin wanda ba mu gani ba. Sanarwar mutuwa ta fi komai yawa, sai katin aure, takardun rasit na 'yan kasuwar Adjamé, tallan masu coci, tallan masu maganin gargajiya, kalandar ƙungiyoyin gari. Amusu ya koya mana cewa mai madaba'a ba ya tambayar mai aiki ra'ayinsa. Ka duba rubutu ya yi daidai, tawada ta zauna, ka miƙa masa kayansa. A kan haka muka tashi. Da Amusu ya rasu ɗansa ya gaji shagon, amma shi a Kwatano yake zaune, ni da Koffi muke riƙe da komai. A lokacin kwamfuta ta shigo, na koye ta da girmana.

Malam Habu ya zo mana ne a shekarar zaɓen nan da kuka ji iyayenku suna maganarta a hankali. Dattijo ne siriri, yana da makarantar allo a wani gida da ke bayan babbar kasuwar Adjamé. Ya hau gbaka, ƙaramar motar hayar nan, ya tsallako gada zuwa Treichville da kansa, da wata jakar fata a hammata. Ya ce an gaya masa akwai Bahaushe a nan da ke karanta ajami da boko da Faransanci. Na ba shi kujera, ya zazzage takardunsa a kan teburina.

"Danlami ko?" ya ce. "To kai ka san dalilin sunanka. Akwai wata yarinya a makarantata, Ladi. Na tambaye ta wace rana aka haife ta, ta ce mini dimanche. Na ce da Hausa fa? Ta tsaya tana kallona. Sunan ranar yana kanta, ba ta sani ba."

Abin da yake so shi ne ɗan littafi da zai raba wa yara, a kan asalin sunayen ranakun mako. Ya yi shekaru yana tarawa. Ya rubuta yadda Lahadi ta fito daga kalmar Larabci mai nufin ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, Juma'a kuma taruwa, Asabar hutawa daga aiki. Ya bi wani tsohon malamin makarantar boko har ya fahimci na Faransanci: lundi ranar wata ce, mardi da wasu da ke biye da ita sunayen gumakan Rumawa ne da aka raɗa wa taurari, samedi kuwa tushenta ɗaya da Asabar ɗinmu. Ya kawo na yaren Jula, Tarata da Araba da Alamisa, waɗanda ka ji ka san gida ɗaya muka ɗebo. Sannan ga sunayen da ake sa wa yara don ranar haihuwa, namu su Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe, da na mutanen ƙasar nan.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai harsuna huɗu ne da rubutu iri biyu. Ɗaya daga dama yake tashi, ɗaya daga hagu."

Ya ce, "Shi ya sa na tsallako ruwa."

Abu na farko da mai tsara littafi yake yi ba zaɓen launi ba ne, naɗe farar takarda ne. Na ɗauki takardu na naɗe, na yi ɗan littafi wanda babu komai a cikinsa, na sa wa shafukan lamba da fensir. Littafin da za a ɗinke a tsakiya dole shafukansa su tafi huɗu-huɗu, ba ka da ikon ƙara ɗaya don ka ga dama. Ranaku bakwai, kowace in ba ta shafi biyu masu kallon juna, ga shafin farko na suna, ga na ƙarshe na addu'a: sha shida cif. Shafin dama na rubutun hannun Malam ne, ajami da Larabci. Na hagu na Hausar boko da Faransanci. Wanda ya saba da allo ya fara daga dama, ɗan makarantar boko ya fara daga hagu, su haɗu a tsakiya.

Malam ya juya ɗan samfurin nan a hannunsa, ya buɗe tsakiya, ya ga na rubuta Laraba.

"Juma'a ba za ta zo nan ba? Ita ce babba."

Na ce sai dai in mako zai fara daga Talata. Na kuma nuna masa cewa a nan tsakiyar ne ƙusoshin waya za su huda takarda su lanƙwashe.

Ya ce, "A'a. Bar Laraba ta sha ƙusa."

Rubutun hannunsa ya ba ni wahala. Da tawadar allo ya yi shi, wadda ake dafawa, launinta ƙasa-ƙasa, inji ba ya ganinta da kyau. Na kai masa baƙar tawada ta kanti da farar takarda mai santsi, na ja masa iyaka da shuɗin fensir, wanda ba ya fitowa a hoto. Ya sake rubuta komai da alƙalamin kara, hannunsa na rawa saboda ciwon suga, amma in alƙalami ya taɓa takarda rawar sai ta tsaya. Hausar boko ma da nata. Irin haruffan da na zaɓa wa manyan kanun, masu kauri da kyau, ba su da ɗ da ƙ da ɓ. Sai na fitar da shafukan a kalk, na zauna a teburin gilashi da siririn alƙalami ina ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu, a juye kuma, don kalk a juye ake aiki da shi. Malam ya ce in na bar ƙasa ba ƙugiya ta zama kasa, ba ya son a sa wa yara maciji a littafi. Hoton gumaka ya ce sam. Na zana masa jinjirin wata a shafin Litinin, sauran na yi musu taurari da irin zayyanar da ake yi a gefen allo. Launi biyu: baƙi da kore.

Koffi ne ya tsayar da aikin ranar da na kai masa gwaji. Ya bi shafin Juma'a da yatsa, ya ɗago.

"Mon frère, wa ya kai ni Juma'a? Ni ɗan Asabar ne. Uwata tana nan da rai, je ka tambaye ta."

Da Malam ya zo na faɗa masa. Ashe daga wani ɗan Ghana mai sayar da atamfa ya samo sunayen. A wajensu Kofi ɗan Juma'a ne, a wajen Baule kuwa Koffi na Asabar ne, Yao ne na Juma'a, mace kuma Aya. Malam ya ji daɗin abin ƙwarai. Ya ja kujera kusa da inji, ya sa Koffi ya jero masa na Baule maza da mata, yana rubutawa da ajami, suna gardama da gurguwar Hausar Koffi da gurgun Faransancin Malam. Ya ce a sa duka biyun. Ni aka bari da neman wurin da zan cusa ƙarin layi a shafin da ya riga ya cika.

A ranar ne kuma Malam ya ga wani abu da bai yi masa ba. Kafin inji ya daidaita yakan ɓata takardu da yawa. Waɗannan ɓatattun ba a zubarwa. Ana sake tura su cikin inji a aiki na gaba don gwada tawada, a yanka su a naɗe kayan mai aiki da su, ragowar a ba mata masu suya. Malam ya ɗauki ɗaya daga ƙasa ya ce, "Nawa ma haka za a yi da su? Akwai bisimilla a kowane shafi, akwai aya a na Juma'a." Koffi ya yi masa alkawari ko ƙyalle ɗaya ba zai bari ba, duk zai tattara ya haɗa masa da littattafan, shi ya san yadda zai yi da su.

Daga nan kamfe ya yi zafi, aka ture aikin Malam gefe. Fostocin 'yan takara muka yi ta bugawa, na wannan da safe, na wancan da yamma, kamar yadda kowace madaba'a a garin take yi. Suka cinye takardar da ke kasuwa. Aka yi zaɓe, aka ƙi yarda da juna, gari ya fara lalacewa. Jiragen ruwa suka daina shigowa, bankuna suka rufe, takarda da tawada suka ɓace. Samari suka fara tare hanyoyi da katako da tayoyi, ana tambayar mutum katinsa, a duba sunansa, daga sunan a yanke masa hukunci. Hausawa da yawa suka fara neman motocin da za su kai iyalansu gida.

Ana cikin haka Malam ya aiko. Jikinsa ya yi tsanani, maganin sugarsa ya ƙare a kantuna. Ya ce iyayen yaransa suna shirin tafiya, wasu Nijeriya wasu Nijar, yaran da ba su taɓa ganin can ba. In da hali yana son kowane ya tafi da littafin a jakarsa.

Muna da ragowar takarda da na ɓoye a saman silin tun kafin kamfe. Damshin Abidjan ya shige ta, gefenta ya lanƙwashe, inji yana ta cafko biyu-biyu. Koffi ya riƙa shanya ta a kan injin da ya yi zafi, yana fifita ta da hannu. Wuta tana zuwa tana tafiya, in ta ɗauke tawada ta bushe a kan rulo, sai an wanke an sake. Koren da ya rage bai isa ba, ya haɗa shuɗi da rawaya a kan gilashi da wuƙa har ya samu irin wanda Malam ya nuna masa a jikin rawaninsa. Baƙi ya fara bugawa, ya bari ya sha iska, sannan kore ya hau. Tauraron kore ya zauna daidai cikin zoben baƙi, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Muka naɗe da hannu, muka ɗinke, na yanke gefe a masiko. Da na buɗe na farko na ga rubutun Malam ya fito kamar yanzu ya ɗaga alƙalami.

A al'ada da ɓatattun takardun aiki ake naɗe aikin. Na Malam kuwa an yi alkawarin mayar masa, sai Koffi ya ɗaure su a ciki tare da littattafan, ya jawo tsofaffin fostocin kamfe daga ƙarƙashin tebur ya naɗe ƙunshi biyu da su, farin gefen a waje, kamar yadda ake yi kullum. Babu wata takardar a shagon.

Muka yanke shawarar tafiya tare. A shingen da sunana zai jawo magana Koffi ya yi bayani, a wanda nasa zai jawo ni in yi. Da hantsi muka fita. Wani mai tasi ya tsallakar da mu gada, ya wuce Plateau kaɗan, ya ce daga nan ba ya gaba. Muka ɗora ƙunshi a kafaɗa muka ci gaba da ƙafa. Mun wuce shinge ɗaya da gaisuwa. Na gaba samari ne da yawa, da adduna da gora, ɗaya da bindiga, taya na ci da wuta a gefe. Ba zan faɗi na wane ɓangare ba ne. Ɗayan ɓangaren ma yana da nasa shingen.

Da Faransanci aka yi maganar. Mai bindigar ya karɓi katunanmu, ya daɗe a kan nawa.

"Me ke cikin nan?"

Koffi ya ce, "Littattafan yara ne, shef."

Aka tsinke igiya. Wani ya zaro ɗaya ya buɗe, idonsa ya sauka a shafin dama.

"Layu ne! Rubutun da suke ɗaurawa kada harsashi ya kama su!"

"Ba laya ba ce, ɗan'uwa," in ji Koffi. "Duba hagu. Ga lundi, ga mardi. Sunayen ranaku ne kawai. Ga ma sunana a nan."

Mai yiwuwa da an tsaya a nan da mun wuce, don na ga mai bindigar ya fara karantawa. Sai wani ya sa ƙafa ya juya takardar naɗin. Fuskar ɗan takarar da suke ƙi ta bayyana, tana murmushi.

Koffi ya ce, "Mu madaba'a ne, kowa muna buga masa. Ku buɗe ɗayan, naku yana ciki."

Suka buɗe. Nasu yana ciki. Amma takardar gwaji ce, ta sha shiga inji, baƙar tawada ta shafe masa ido, masiko kuma ta raba fuskar biyu daidai kan hanci.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," Koffi ya ce. "Ni ke kan inji. Shi wannan abokin nawa zane kawai yake yi."

"Da wane hannu?"

Suka kwantar da Koffi, suka ɗora hannunsa na dama a kan dakalin bakin titi, wani ya ɗauko bulo. Na yunƙura, aka kawo mini katako a fuska, akwai ƙusa a jikinsa. Ina ƙasa ina jin ƙarar bulon da muryar Koffi. Na ga suna kwasar littattafan suna zubawa cikin tayar da ke ci, har da ɓatattun takardun da aka tara wa Malam. Na ji wani yana cewa a kawo fetur saboda ni. Sai harbi ya tashi daga wajen Adjamé, mai ƙarfi, yana matsowa. Suka watse kowa ya kama lungu. Ba wanda ya cece mu, harbin nan ne kawai.

Wani mai amalanke da ya ɓuya a bayan kiyos, ɗan shagon bakin titi, ya fito ya taimake ni muka ɗora Koffi. Ya tura shi har wani ɗan asibiti a Adjamé. Babu magani, babu likita, sai wata nas da ta ɗaure hannun da kwali da tsumma. Kafin a samu wanda zai duba shi da kyau hannun ya ruɓe, aka yanke daga wuyan hannu. Ni idona na hagu ya tsiyaye.

Da na iya tashi na je wurin Malam. Yana kwance a tabarma, ya rame har ba ka ganin tudunsa a ƙarƙashin mayafi. Labari ya riga ni zuwa. Ya kama hannuna, ya tambaye ni labarin Koffi. Na faɗa masa. Ya juya fuskarsa bango.

"Ni na aika," ya ce. "Da na bari."

Na ce babu wanda ya tilasta mu.

Can ya ce, "Littafin ya fito dai?"

"Ya fito, Malam."

"Faɗa mini."

Na zauna na bi masa shi shafi-shafi, tun daga bango. Inda sunansa ya zauna, yadda jinjirin watan ya tsaya a Litinin, yadda koren ya yi, inda na samu wurin cusa Yao da Aya. Ya tambaya ko ƙugiyoyin sun fito duka. Na ce duka. Ya ce alhamdu lillahi. Motocin yaran suka tashi a makon nan ba tare da komai ba. Shi kuma bai kai lokacin da hanyoyi suka buɗe ba. Mutane kaɗan ne suka samu raka gawarsa.

Za ku ce me ya hana a sake bugawa. Da na koma Treichville na tarar an fasa shagon. Kwamfuta ta tafi. Plak ɗin duka an kwashe, masu narka alminiyon suna saye su yi tukwane. An farfasa gilashin teburina, an cire kwanon rufi, ruwan sama ya jiƙa abin da ya rage. Rubutun hannun Malam yana cikin aljihun teburin nan, na tarar da shi ya zama dunƙulen baƙin ɓawo. Ɗan Amusu ya zo daga Kwatano ya sayar da gawar injin ga masu tsohon ƙarfe. Na gwada sake rubuta littafin daga ka. Ɓangaren boko na iya, amma bayanin Malam da yadda yake jero shi, da hannunsa, babu inda zan samo. Wani ya ce mini ai duk wannan yana cikin waya yanzu. Na ce to.

Da ido ɗaya ba ka iya aikin teburin gilashi, ba ka gane zurfi, alƙalami yana sauka inda ba ka nufa ba. Na dawo Adjamé na kama wannan ɗan shagon, da kwamfuta da ƙaramin inji irin na ofis. In aiki ya yi yawa in kai wa masu ofset. Koffi ya samu gadi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Na yi na yi ya zo ya zauna tare da ni, ko duba aiki ya riƙa yi, ya ƙi. Sau ɗaya ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa. Maƙwabcina yana da tsohon ofset, yana aiki a lokacin. Koffi ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Ka gaya masa rulon ruwansa ya bushe, zai ɓata takarda." Ya juya ya tafi. Bai sake tako layin nan ba, ni nake zuwa wurinsa.

Aikin ƙarshe da zan ba ku labarinsa na daminar da ta wuce ne. Aya, matar Koffi, ta shigo da baƙaƙen kaya, ta zauna a kujerar nan da ke gabanku. Na riga na san Koffi ya rasu, ina wurin aka rufe masa ido. Sanarwar mutuwa ta zo a yi, irin wadda ake liƙawa a bango. Ta ciro hotuna biyu daga jaka. Ɗaya sabo ne, mai kyau, yana sanye da kwat a ƙofar coci, ya sa guntun hannun a aljihu. Ɗayan tsoho ne ƙarami, ya koɗe, ya karye a kusurwa. Yana tsaye a gaban injin Amusu da singileti, ya ɗaga takarda da hannu biyu yana dubawa a haske.

Na ce mata sabon zai fi fitowa. Tsohon in an faɗaɗa shi zai dushe.

Ta ce, "Danlami, sa mai hannu biyun."

Na sa shi a na'ura na ɗauka, na zauna ina gyarawa tana kallo. Na cike karayar kusurwar, na share tabon ruwa daga bango, na fito da fuskar daga duhu a hankali, ɗigo-ɗigo, ina matso da idon nan ɗaya har hancina na taɓa gilashi. Da na gangaro kan hannuwan na ga baƙi-baƙi a yatsu har zuwa gwiwar hannu. Na ɗauka lalacewar hoto ce, na kai alamar kwamfuta wurin zan fara gogewa. Aya ta riƙe mini hannu.

"Wannan ba datti ba ne," ta ce. "Haka yake dawo mini gida. Bar masa."

Na bar masa tawadarsa. Haka aka buga, haka aka liƙa a bangunan Treichville.